Talabijin Ɗin Zaure Ma Allon Gyaran Rubutu Ce: Kira Ga Marubutan Wurno, Rabah Da Goronyo

 

Kwanakin baya mu bakwai muka zauna a wani zaure a Wurno domin mu duba gajeren labarin da wani ƙaninmu ya rubuta a wayarsa. Labarin wani manomin albasa ne da matarsa, da kuɗin da suka tara na auren 'yarsu. Waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, kowa ya ja da ɗan yatsa na minti biyu ko uku, ya miƙa wa na kusa da shi. Da ta dawo hannun mai ita, abin da ya samu daga gare mu bai wuce "ya yi kyau, Allah ya ƙara basira" ba. Ya yi godiya, muka watse.

Mako na gaba mai zauren ya fito da wata tsohuwar kwamfutar tebur da ta daɗe a ajiye tun da fuskarta ta ƙone. Muka samo waya muka haɗa akwatinta da talabijin ɗin da yara ke kallon fim, muka ɗora labarin nan dai na makon jiya, muka ƙara girman haruffa. Ba a gama sakin layi na biyu ba wani daga cikinmu ya ce a dakata. A jikin talabijin an rubuta "ya bata kudin". Ya tambayi marubucin: "Ƙanena, ba ta kuɗin ya yi, ko ɓata su ya yi?" Ashe rabinmu a makon jiya mun fahimci mijin ya miƙa wa matarsa kuɗin ne ta ajiye, sauran rabin kuma sun ɗauka ya salwantar da su. Labarin gaba ɗaya a kan wannan jimla ya rataya, kuma babu wanda ya lura a waya. Kafin a kai shafi na huɗu mun gano cewa 'yar da aka kira Lantana a farko ta koma Laraba ba tare da an yi mata sabon suna ba.

Daga wannan rana muka tsaya a kan ra'ayin da muke son kare wa a nan: duk inda marubuta uku ko huɗu suke a Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, ko Achida, ko Gandi, abin da ya fi cancanta su fara nema shi ne tsohuwar kwamfutar tebur da wayar da za ta haɗa ta da talabijin. Jiran ranar da kowa zai mallaki kwamfutar tafi-da-gidanka, ko ranar da hukuma za ta gina mana cibiya, ya riga ya cinye mana shekaru.

Ba muna raina waya ba ne. Ita ce ta fito da yawancinmu. Da ba don ita ba, da matan aure da 'yan mata masu yawa da ke sakin littattafai shafi-shafi a WhatsApp da Facebook ba su taɓa ganin mai karatu ko ɗaya ba. Amma waya tana nuna maka layi goma ne ko goma sha biyu a lokaci guda. Ba ka ganin shafi a matsayin shafi. Ba ka ganin cewa sakin layi biyar a jere duk da "Bayan nan sai" suka fara. Ba ka ganin cewa zancen mutum biyu ya cakuɗe har ba a san mai magana ba. Babban yatsa kuma yana son gajarta hanya, shi ya haifar mana da "sbd" da "ngd" da "yace" da "shine". Sannan waya ta mutum ɗaya ce. Mutum biyar ba za su iya duban jimla ɗaya a lokaci ɗaya su yi gardama a kanta ba, alhali gyaran rubutu gardama ce a kan jimla.

Haɗin kansa ba wani abin tsoro ba ne. Talabijin ta zamani, mai faɗin nan da ake ratayawa a bango, fuskar kwamfuta ce da aka ƙara wa na'urar kama tasha. A juya bayanta a duba ramukan da ke jiki, a juya bayan akwatin kwamfutar shi ma a duba. Idan duka biyun suna da ramin HDMI, aiki ya ƙare: waya ɗaya ce take ɗaukar hoto da sauti tare. A kashe komai, a soka wayar, a kunna, a ɗauki rimot a danna maɓallin da aka rubuta Source ko Input, a zaɓi lambar ramin da aka soka. Muna jaddada a kashe kafin a soka, musamman idan da janareto ake aiki, domin ramin HDMI ba ya jure wasa da wuta.

Yawancin tsofaffin kwamfutocin ofis da ake sayarwa na hannu ba su da HDMI. Abin da suke da shi shi ne VGA, ramin nan shuɗi mai ƙananan huji 15 da kusoshi biyu na ɗaurewa, wanda kamfanin IBM ya fito da shi tun 1987. Talabijin da dama suna da irinsa a baya, an rubuta PC ko RGB a kai. Idan akwai, sai a haɗa kai tsaye. VGA hoto kawai yake ɗauka, babu sauti, amma mai gyaran rubutu bai damu da sauti ba. Idan talabijin ɗin HDMI kaɗai gare ta, sai a sayi ɗan ƙaramin akwatin da ke juya VGA zuwa HDMI. A nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu, domin na'urar hanya ɗaya take bi. Wadda aka yi don ta karɓi HDMI ta fitar da VGA ba za ta yi aikin akasin haka ba, ga shi kuma a ido sun yi kama. A faɗa wa mai shago ƙarara cewa VGA ɗin a jikin kwamfuta yake, HDMI a jikin talabijin. Ta gaskiyar tana zuwa da wata 'yar wayar USB da take shan wuta da ita. Wasu kwamfutocin kuma suna da rami mai kama da HDMI amma kusurwarsa ɗaya ce kawai a yanke, sunansa DisplayPort, shi ma akwai wayar da ke haɗa shi da HDMI.

Tsohuwar talabijin mai ƙoƙo, mai ramuka uku na rawaya da fari da ja, ita ce ba mu ba da shawara ba. Akwai na'urar da ke haɗa ta da kwamfuta, amma haruffa suna fitowa dishi-dishi, ƙugiyar ƙ da ɗ ta ɓace, wato abin da aka zo nema shi ne ba za a gani ba.

Idan hoto ya fito amma gefe-gefensa ya yanke, a shiga saitin hoto na talabijin a zaɓi wanda ke nuna fuska cikakkiya ba tare da an buɗa ta ba. Idan rubutu ya yi kamar an shafa masa ruwa, a daidaita ƙimar hoton kwamfutar da ta talabijin: masu inci 32 da yawa 1366 da 768 ne, manya kuma 1920 da 1080. Wanda kwamfutarsa ke da fuskarta, yana son mai bugawa ya ga tasa jama'a su ga talabijin, sai ya danna maɓallin Windows tare da harafin P ya zaɓi a nuna abu ɗaya a fuska biyu. Daga nan sai a buɗe Word, ko LibreOffice wanda kyauta ne, a kashe jan layin da ke duba kuskuren Turanci, a ƙara girman shafi har wanda ke bakin ƙofa ya iya karantawa.

Saura haruffa masu ƙugiya. A shekarun 1990 sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya zauna ya ƙera wa kwamfuta haruffan ɓ da ɗ da ƙ da kansa, saboda babu su. Yau Windows tana zuwa da tsarin madannan Hausa a cikinta, sai dai a shiga saitin harshe a ƙara shi. Wanda ya ce kwamfuta ce ta hana shi bambanta kafa da ƙafa, ko daki da ɗaki, ko kare da ƙare, uzurinsa ya daɗe da faɗuwa.

Mun san abin da za a fara ce mana: ina wutar? Tambaya ce ta gaskiya, kuma wanda ke zaune a gabashin Sakkwato ba ya bukatar a yi masa bayaninta. Amma a yi lissafi. Talabijin mai inci 32 ta zamani ba ta cika wuce wat 50 ba. Ƙaramin akwatin kwamfutar ofis da ake buga rubutu kawai da shi, da wuya ya haura wat 100. Ƙaramin janareton nan da mai shayi da mai cajin waya ke kunnawa yana ɗaukar su biyun har da fanka. Wanda ke da sola da batir da inbata ma ya wadatar. Zama kuma na awa biyu ne a mako, ba kullum ba. Mutum shida su haɗa kuɗin mai na awa biyu bai kai abin da kowannenmu ke kashewa a data a mako ba. Haɗarin da ke akwai shi ne kwamfutar tebur ba ta da batir a jikinta. Wuta na ɗaukewa, duk abin da ba a adana ba ya tafi. Don haka mai bugawa ya saba da danna Ctrl da S bayan kowane gyara, idan kuma da hali a samo UPS ko da na hannu ne.

Akwai wata fa'ida da mutanen wannan yanki suka fi kowa sanin darajarta. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Rabah da Goronyo. Duk wanda rubutunsa ke cikin rukunin WhatsApp, ko yake dogara da sharhin Facebook don ya san ko ya yi daidai, sai ya wayi gari babu makaranta babu abokan shawara. Kwamfuta da talabijin ba sa neman sabis. Da wayar caji ake kwaso rubutu daga waya zuwa kwamfuta, a gyara, a adana a filas, a mayar da kwafe cikin waya. Rubutu ya zauna a wuri uku ke nan. Mu nawa ne a wannan zaure muka taɓa rasa littafi sukutum saboda waya ta faɗa ruwa ko an sace ta a kasuwa? Sai dai a kula da filas ɗin da ya yi yawo a shagunan tura finafinai, domin ta nan cutar kwamfuta ke shigowa.

Uzuri na biyu ya fi na wuta nauyi, kuma ba a cika furta shi ba: kunya. Ba kowa ke iya zama ya ga an baje kuskurensa a bango, harafi kamar tafin hannu, a gaban sa'o'insa da ƙannensa ba. Mun ga wanda ya zo sau ɗaya bai sake dawowa ba, kuma laifinmu ne, domin ranar dariya ta yi yawa. Daga baya muka kafa ƙa'idoji. Wanda ya fi kowa daɗewa a rubutu shi ke fara ɗora nasa a kowane zama, domin a ga cewa laifi tudu ne. Marubuci ne ke karanta aikinsa da babbar murya har ƙarshe kafin kowa ya ce uffan, kuma sau da yawa shi ke fara kama kansa. Mai riƙe da madannai ba ya canza ko da waƙafi sai da yardar mai rubutu. Ana fara faɗin abin da ya yi kyau, a nuna shi da yatsa a jikin allo, ba yabon baki kawai ba. Ba a ɗaukar hoton allo, domin satar fasaha ta ishe mu a intanet, ba sai mun kawo ta zaure ba. Wanda ya ga gyara bai gamshe shi ba yana da ikon cewa a bar masa yadda yake.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ta fi amfani idan aka zo kan Sakkwatanci. A waya, idan aka ga "yat tahi gidanai" ko "mi kake hwaɗi", wani daga nesa zai rubuto cewa kuskure ne a gyara. A gaban allo kuwa ana iya tsayawa a rarrabe: wannan bakin mai ba da labari ne, a bi daidaitacciyar Hausa, wannan kuma bakin tsohuwa ce a ƙauyen Goronyo, a bar mata "wanga" da "shina" da "awa", domin idan aka sa ta yi Kananci an kashe ta. Ra'ayinmu shi ne marubucin wannan yanki da ya goge karin harshensa daga bakin taurarinsa ya zubar da abin da ya fi kowa mallaka. Amma dole ya san inda ya sa shi da gangan da inda ya kuɓuce masa, kuma wannan sai an ga shafi gaba ɗaya.

Uzuri na uku: mata fa? Su ne suka fi yawa a rubutun Hausa na yau, har BBC Hausa ta ware musu gasar Hikayata tun 2016, amma ba za su zo zauren maza ko gidan kallon ƙwallo ba. Ba sai sun zo ba. Talabijin a cikin gida ta fi yawa a ɗakin mata. Akwatin kwamfuta kuwa yaro ma yana ɗauka a kai. A kai shi gidan ɗaya daga cikinsu ranar da suka zaɓa, da hantsi bayan an gama aikin safe, su yi nasu zaman. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara 'Yan Taru: jajis suna zuwa daga ƙauyuka su karɓi waƙoƙin ilimi, su koma su karantar da mata a cikin gidaje. Ilimi ne ke tafiya inda mata suke.

Batun tsaro ma haka. Ba mu ce a yi taron dare ba, ba mu ce kowa ya kama hanyar da ya san ba ta da lafiya don ya halarci zama a wani gari ba. Kowace unguwa ta yi nata, da rana, mutum biyar zuwa takwas. Mai gidan kallo ma, talabijin ɗinsa a kashe take da safiyar ranakun da babu wasa. A yi magana da shi, a biya shi kuɗin mai da ɗan abin hasafi.

Me ya sa muka matsa a kan waɗannan garuruwa uku? Saboda ba garuruwan da rubutu ya baƙunta ba ne. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, mawallafin Infaƙul Maisuri, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Rabah ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, ya riƙe sarautarta daga 1934, kuma ya bar tarihin rayuwarsa a rubuce a littafin da ya fito a 1962. Goronyo na da madatsar ruwan da aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, wadda ta sauya rayuwar manoma da masunta da makiyaya na kwarin baki ɗaya. Mutanen yankin sun ga ambaliyar 2010. Sun ga harin Tabanni na 2018 da 'yan gudun hijirar da suka cika Gandi. Sun ga abin da ya faru a kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, inda aka kashe mutane sama da 40. Duniya ta ji waɗannan a matsayin adadi a labaran rediyo. Yadda matar da ta rasa mijinta a kasuwa ta yi noman rani a shekarar, ko yadda yaro ya koma makaranta ya tarar da 'yan gudun hijira a ajinsu, wannan sai ɗan gida zai rubuta. Idan ya rubuta shi cikin "yace" da "tace" da jimlolin da ba a san inda suka dosa ba, alƙalin gasa zai ajiye shi a shafin farko, mawallafi ba zai amsa ba, labarin ya mutu a cikin waya. Wani daga nesa kuma zai zo ya rubuta nasa a madadinsa.

A tuna kuma cewa ƙagaggen labarin Hausa na boko da gyara ya fara. Gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, kuma babu ɗayansu da ya tafi maɗaba'a ba tare da ya bi ta hannun mai gyara ba. Abubakar Imam kansa zama ya yi da East a Zariya suna aiki a kan rubutu kafin Magana Jari Ce ta fito. Mu da ba mu da hukumar da za ta zauna da mu, junanmu muke da shi.

Akwai ribar gefe da ba mu yi tsammani ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Yaran da suke leƙowa zaure suna kallonmu, yanzu su ke rigingimun wanda zai riƙe madannai. Yaron da ya yi wata shida yana buga labaran yayyensa ba zai shiga ɗakin jarrabawa hannunsa na rawa a kan linzamin kwamfuta ba. Iyayen da da farko suke ganin zaman ɓata lokaci ne, wannan ce hujjar da ta sa suka bar mana talabijin.

Ba mu ce allo zai mayar da kowa gwani ba. Wanda ba ya karatu ba zai iya rubutu ba ko da bangon gidan gaba ɗaya ya zama talabijin. Kuma akwai haɗarin zama ya rikiɗe ya koma kallon fim da zarar an gaji, tunda na'urar dama ta saba. Mu maganin da muka samu shi ne babu fim ko ɗaya a cikin kwamfutar, kuma an zare wayar dish kafin a fara.

Ƙanin namu mai labarin albasa ya sake rubuta shi sau uku. A na ukun ya yanke shafi biyu na farko da kansa, ba wanda ya sa shi, ya ce da ya gan su a bango ya gane labarin bai fara ba sai a shafi na uku. Mijin kuwa ɓata kuɗin ya yi, yanzu da ƙugiyarsa.

Aikin wannan mako: kowa ya leƙa bayan talabijin ɗin gidansu ya faɗa mana ramukan da ya gani, ya kuma bincika ko akwai tsohuwar kwamfuta da ke kwance a gidan wani ɗan uwa, ko makaranta, ko shagon buga takardu. Wanda ya maƙale a wajen haɗawa ya turo hoton bayan na'urorin biyu, za mu duba tare. Waɗanda kuma suke ganin waya ta wadatar, muna jiran hujjarsu a ƙasa.

Allah ya ba yankinmu zaman lafiya, ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa.